Alhaji ya fasa, an bar mu da ramuka

Yau labarin gidanmu na kawo muku, kuma ni ma ina da laifi a cikinsa. Na daɗe ina son in faɗe shi a rediyo, to amma kawuna ba ya fashin shirina na marece, kuma ba na son ya ji muryata tana fama masa ciwo a gaban abokan hirarsa. Boko kuwa bai iya karantawa ba. Na dai nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce: "Rubuta ɗana, ƙila wani ya tsira."

Duk ɗan Maraɗi yana tune da shekarar 2021, lokacin da zinariya ta bayyana a yankin Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. Kafin nan in an ce zinariya sai hankalinmu ya tafi nesa, ko Komabangu can yamma, ko Jado da Cibarakaten da suka kwashe mana samari tun 2014. Sai ga ta a bakin ƙofa. Cikin ƴan makonni daji ya koma kasuwa: rumfunan leda, masu tuwo, masu ruwa a bido, masu cajin salula, injinan niƙa dutse suna ta ƙugi dare da rana.

Gonar kawuna ba a tsakiyar wurin take ba, tafiyar kamar rabin awa ce a ƙafa daga manyan ramuka. Gonar gado ce ta kakanmu. Shi ne babba, shi ke nomanta, amma mahaifiyata da ƙannensu biyu duk suna da haƙƙi a ciki, ba a taɓa rabawa ba. Wata rana samari masu yawo da aparai, na'urar nan da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, suka bi ta gefen gonar, aka ce ta yi kuka. Ko zinariya ta ji ko guntun tsohuwar hauya, Allah masani. Labari dai ya riga ya tashi.

Mutum na farko da ya zo ya taya miliyan 4, kuɗi hannu. Kawu ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara. Kafin kwana biyun su cika sai ga wani Alhaji a cikin Hilux, ya ce shi miliyan 6 zai ba da. Gonar da a da in an taya ta jika 700 sai a ce an yi sa'a. Ya ajiye miliyan 1 da rabi kafin alƙalami, ya ce saura bayan mako biyu, kuɗinsa suna cikin kaya ne a hanya. Kawu ya aika aka ba mutumin farko haƙuri. Da daren nan ya kira ni:

"Ɗana, gobe ka taho da alƙalaminka. Kai ne ɗan lakwal ɗinmu."

Na hau moto na tafi, ina jin kaina wani babban ma'aikaci. A gindin bedi muka zauna. Na yago takarda daga littafin rubutun wani yaro ɗan gidan, na rubuta layi uku da faransanci: wane ya karɓi kuɗi kaza daga hannun wane a matsayin "avance" a kan gonarsa, ranar kaza. Kawu ya dangwala yatsa, Alhaji ya sa hannu, shaidu biyu suka sa nasu. Shaidun nan biyu duk a motar Alhaji suka zo. Jimillar kuɗin gonar ban rubuta ba. Ranar cika saura ban rubuta ba. Abin da zai faru in wani ya fasa, shi ma babu.

Kada ku ɗauka bai zo mini a rai ba. Ya zo. Na ɗaga kai zan yi maganar, sai na ga fuskar kawu tana ta annuri, ga Alhaji ya girmi mahaifina, yana cewa: "Tsakaninmu ai amana ce, wagga takarda don yaro ya ji daɗi ne kawai." Aka yi dariya, ni ma na yi. A wurinmu in ana murnar ciniki ka kawo zancen fasawa, sai a ce kana da mugun baki. Kunya ta hana ni ƙara layi biyu, kuma layi biyun nan su ne suka ci mana shanun huɗa guda biyu da amfanin gona na shekara.

Mai gari ma ba a kira shi ba. Alhaji ya ce a rufe zancen kada mahassada su ɓata, shi kuma kawu bai so dangi su ji adadin kuɗin tun ba su shigo hannu duka ba. Kowa da dalilinsa na son duhu.

Za a tashi ke nan sai Alhaji ya ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ko yaransa za su iya fara ɗan gwaji kafin ya cika kuɗin? Kawu ya ce ai gona ta zama taka. An riga an yanke gero a lokacin, amma dawa da wake suna tsaye. Cikin kwana goma yaran suka haƙa ramuka biyar, suka tattake waken, suka zube jar tsakuwar ƙarƙashi a kan ƙasar noma.

Kuɗin kuwa ba su kwana ba. Kawu ya biya bashin taki da ke wuyansa, ya sayi shanun huɗa biyu da amalanke, ya ba ƙannensa ɗan hasafi don su yi shiru, aka kuma sa ranar auren ƴarsa. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya shekara sittin bai taɓa riƙe miliyan a hannunsa ba, ka ce masa ya ajiye ya zuba ido? Amma gaskiya ita ce, tun daga ranar da kuɗin suka narke, ƙarfin maganarmu ya narke tare da su.

Mako biyu ya zama wata. In na kira Alhaji sai ya ce kaya sun kusa isowa. Yaransa suka kwashe igiyoyinsu da diga suka koma wani wuri, ba ko sallama. Sai ranar Lahadi 7 ga watan Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ni na karanta labarin a rediyo, kuma ban taɓa jin nauyin takarda a hannuna kamar na ranar ba, don na san wasu gidajen da ke jiran waya. Bayan haka hukumomi suka ba da umurnin rufe wurin. Farashin gonakin yankin ya faɗi kamar yadda ya hau.

Bayan ƴan kwanaki sai ga ɗan aike da saƙo gajere: Alhaji ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa cikin mako guda, in ba haka ba a haɗu a jandarmeri. Kawu ya kira ni muryarsa na rawa:

"Ɗana, ba ka ce an rubuta ba? Mi anka rubuta?"

Na rasa amsar da zan ba shi.

Washegari na nemi wani lauya da ya taɓa zuwa shirina. Ya karanta layi ukun, ya cire tabarau, ya tambaye ni: "Me kawunka ya sayar?" Na ce gona. Ya ce: "To me Alhaji ya saya?" Na yi shiru, don amsar ita ce zinariya. Ya ce to ka ga inda matsalar ta fara. A Nijar mai gona yana da saman ƙasa ne, abin da ke ƙarƙashi na ƙasa ne baki ɗaya. Tsarin mulkin 2010 ya ce albarkatun ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, dokar ma'adinai ta 1993 a kan haka take, kuma wadda ta zo ta maye gurbinta a 2022 ba ta sauya wannan ba. Mai son haƙa, izini zai nema daga ma'aikatar ma'adinai. Mai gona abin da yake da shi shi ne haƙƙin a biya shi diyyar ƙasarsa da amfaninsa in za a yi aiki a kanta. Ke nan daga cikin miliyan 6 ɗin nan, fiye da miliyan 5 kuɗin abin da ba na kawu ba ne, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Cinikin biri a sama, kuma birin ma na gwamnati.

Sannan ya koya mini abin da duk shekarun da na yi a kwaleji da lise ba wanda ya koya mini. A faransanci kuɗin da ake fara ajiyewa suna da suna biyu, kowanne da hukuncinsa. In an rubuta "arrhes", kowa na iya fasawa amma da tsada: mai saye in ya fasa kuɗinsa sun tafi, mai sayarwa in ya fasa zai mayar da ninki biyu. Aya ta 1590 ke nan ta Code civil da muka gada daga Faransa. In kuwa an rubuta "acompte", to ciniki ya ƙullu, kuɗin somin biya ne, wanda ya janye ana iya binsa ya cika ko ya biya hasarar da ya jawo. Ni kuma na je na rubuta "avance", kalmar da kowa zai ja ta inda ya ga dama. Ya ƙara da cewa ko da mun dage cewa ciniki ya ƙullu, gonar ta gado ce, sauran magada ba su sa hannu ba, kuma tilasta wa mutum ya fito da miliyan 4 da rabi a kan gonar da ba ya so aiki ne na shekaru, mu ba mu da kuɗin zirga-zirgar. Ban da haka ma, rikicin gonar karkara sai ya bi ta gaban sarakunan gargajiya an gwada sulhu kafin ya isa wurin alƙali. Zancen jandarmeri kuwa ya ce in kwantar da hankalin kawu, wannan rigimar ciniki ce, ba sata aka yi ba.

Ya ce: "Makaminku ɗaya ne, ɓarnar da aka yi. Ka je ka tattara ta tun ba a goge ba."

Kawu shi bai yarda da zancen lauya shi kaɗai ba, sai da muka je wurin malaminsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda maganar mutanen biyu, da ba su san juna ba, ta kusan haɗuwa. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya maganar da ta fi shahara ita ce hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba, ko da a gonar wani suka bayyana. Ya ce ciniki in ya ƙullu mai saye ba ya warware shi shi kaɗai, sai in mai sayarwa ya yarda ya sauƙaƙa masa. Amma a riƙe kafin alƙalamin mutum don kawai ya fasa, wannan Malikiyya ba su halatta ba, ko da yake Hanbaliyya sun halatta. Nan fuskar kawu ta faɗi. Sai malam ya ci gaba: amma wanda ya ɓata dukiyar wani, shi ke biya, wannan ba saɓani a kai.

Na koma gonar da salulata. Na ɗauki hoton kowane rami, na sa yaro ya tsaya a gefe don a ga girmansa, muka zura igiya muka auna zurfi. Muka kira manoma uku maƙwabta suka ƙiyasta buhun wake da damman dawa da aka tattake. Sai kuma wani abin da ban ma san ina da shi ba: da yake wayar kawu ƙarama ce, ni Alhaji yake turo wa saƙon murya ta WhatsApp. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga muryarsa yana cewa miliyan 6, ga ta yana cewa nan da mako biyu, ga ta yana tambaya ko yaransa sun fara aiki. Duk abin da takardata ta bari, bakinsa ya cike.

Zama biyu aka yi a ƙofar mai gari. Da farko mai gari ya wanke mu tas, mu duka, a kan ɓoye masa da aka yi, kuma ya yi daidai. Ya tuna mana cewa tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira COFO, daga matakin gunduma har zuwa ƙauye, kuma aikinsu ke nan su ba da takardar shaidar sayar da gona, ko haya, ko aro, ko jingina. Da mun bi ta nan, tambayar farko da za a yi ita ce ina sauran magada. Alhaji ya zo da zafinsa, yana cewa shi aka cuta, an sayar masa da wofi. Da na kunna saƙonnin sai ya sauke murya. Ba zan ce mugun mutum ne ba. Ɗan kasuwa ne da ya yi caca ya faɗi, yana neman wanda zai ɗaukar masa hasara, kuma mu muka bar masa ƙofa a buɗe.

Aka tsaya a kan cewa kawu zai mayar da jika 900 cikin biya uku, a bar masa jika 600 a madadin amfanin da ya lalace da aikin cike ramuka, gona ta koma hannun masu ita. Wannan karon an rubuta komai, da ranaku, da shaidu na ɓangarori biyu, da hatimin mai gari, kowa ya tafi da kwafi ɗaya. Aka kai shanun kasuwa aka sayar ƙasa da yadda aka saye su, amalanke ya bi bayansu, ni na cika sauran daga albashina na wata uku. Auren an yi shi, amma gadon da aka yi wa amarya alkawari sai bayan shekara ta gan shi. Mahaifiyata kuwa ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayar yayanta ba. Ta ce kuɗin ba su dame ta ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne a sayar da gonar ubanta ta ji a bakin mata a wurin suna.

Tun daga nan, in mai saurare ya kira da irin wannan zancen ba na barinsa ya ajiye waya da wuri. Kwanan baya wani ya kira daga Agadas, ya sayar da kasonsa na rami, mai saye ya ba da kashi ɗaya cikin uku ya karɓe injin da ma'aikata, jijiyar zinariyar ta ƙare, ya ce ya fasa. Labarin kawu ne sak, wurin ne kawai ya bambanta: an miƙa abu kafin kuɗi su cika. Kuma shi nasa ya fi wuya, don ko takardar izinin haƙa ba ta sauya hannu da yardar mutum biyu a gindin itace, ma'aikatar da ta ba da ita ce ke da magana a kanta.

Da yau ne aka kira ni da alƙalamina, ba zan hana kawu ciniki ba, talaka ba kullum sa'a ke ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Amma zan raba kuɗin gida biyu, kuma wannan dabara daga haɗa maganar lauya da ta malam na samo ta. Mai son gwaji ya fara nuna takardarsa daga ma'aikatar ma'adinai, sannan ya biya hayar wurin da zai haƙa, na kwana kaza, rami kaza, da sharaɗin zai cike su in ya tashi. Waɗannan kuɗin ba sa dawowa ko ya samu ko bai samu ba, don ya riga ya yi amfani da ƙasa, kuma ba malamin da zai ce maka ka ci haram. Cinikin gonar kuma daban, a rubuta jimilla, a rubuta ranar da za a cika, a rubuta cewa in ranar ta wuce mai gona yana da ikon sayar wa wani. Da wannan layin yana cikin takardata, da tun ranar da mako biyun suka cika mun koma wa mai miliyan 4, a lokacin wurin bai rufe ba. Kuma kafin alƙalamin a bar shi a banki ko a hannun wani amintacce da kowa ya yarda da shi har ciniki ya kammala. Na san wannan ne mafi wuya. Na ga idon kawu ranar da ya shigo gari da shanun nan.

Ga masu jin nauyin kawo zancen fasawa a gaban babba, kamar yadda na ji, akwai hanyar faɗinsa ba tare da an ɓata wa kowa ba. Ka ce: "Alhaji, rai a hannun Allah yake. In ni ko kai wani ya faɗi gobe, ƴaƴanmu me za su karanta?" Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi wannan ba. Wanda ya ƙi kuwa, ya riga ya gaya maka abin da ke ransa.

Ramuka uku mun cike su da hannu, mu da yaran gida. Biyu sun fi ƙarfinmu, sai muka kewaye su da ƙaya bayan akuyar maƙwabci ta faɗa ɗaya ta karye. Inda aka zube jar tsakuwa damina biyu gero bai yi kirki ba, sai da kawu ya yi ta jibga takin gida. Bana da na je na iske ya shuka wake a wurin, ya fara yaɗo. Muna tsaye sai ga wasu samari biyu daga nesa da aparai a kafaɗa. Kawu ya ɗaga sandarsa ya yi musu nuni da hanya, ya juyo ya ce da ni:

"In sunka dawo da mai kuɗɗi, kai zan kira. Amma wannan karon ka taho da takarda babba."